Dodon Teku a Ƙasar Goronyo

Mai karatu, yau ba labarin soyayya na zo maka da shi ba. Mu marubuta mun saba ƙirƙiro dodanni da aljanu mu ɗora a takarda, to ga wani dodo da ba ni na ƙirƙira ba, ƙasusuwansa ma suna nan a ajiye.

Mu a nan Katsina rafi ma sai da damina muke ganinsa, don haka in aka ce ƙasar Sakkwato ta taɓa zama ƙarƙashin teku sai mutum ya yi dariya. Amma haka abin yake. Kimanin shekaru miliyan 70 da suka wuce ruwan gishiri ya malalo daga arewa, ya ratsa inda Sahara take a yau, ya kwanta a kan Dange, Wurno da Goronyo. Laka ta binne abin da ya mutu a ciki, a hankali ƙashi ya koma dutse. Duwatsunmu na Dutsin-ma da Funtuwa kuwa narkakken dutse ne da ya daskare, shi ya sa ba ka samun ƙashi a cikinsu.

A 1930 wani masani a gidan tarihi na Landan, W. E. Swinton, ya duba wasu ƙasusuwa da aka kai masa daga lardin Sakkwato. Ya ce na Mosasaurus ne, wata ƙatuwar dabbar teku, dangin guza da damo, wadda ƙafafuwanta suka zama filafilan iyo. Ta yaya ake ganewa daga guntun ƙashi? Nan ne abin ya burge ni. Ƙashin bayan irin wannan dabba gabansa rami ne kamar ƙoƙo, bayansa dunƙule, kowane ya shige cikin na kusa da shi. Ban da haƙoran muƙamuƙi, tana da wani layin haƙora a ganɗa don riƙe abin da ta cafke. Shi kuma shimfiɗin dutsen da aka tono ƙashin, shi ke faɗin zamaninsa, na ƙasa ya girmi na sama.

Sai dai guntu ba ya faɗin komai. Da masanan Jami'ar Florence ta Italiya suka samo ƙoƙon kai a yankin Goronyo, sai suka ga ya bambanta da Mosasaurus na Turai. A 1972 Azzaroli da abokan aikinsa suka raɗa masa sabon suna, Goronyosaurus, wato ƙadangaren Goronyo. Haƙoransa miƙaƙƙu ne masu saƙuwa da juna kamar na kada. A 1975 kuma Halstead ya bayyana wani kadan ruwa daga duwatsun nan, ya kira shi Sokotosuchus.

Shekaru miliyan 66 da suka wuce dangin Goronyosaurus suka ƙare kaf, lokaci guda da dainoso. Kadojin kuwa suka tsira, ana samun danginsu a shimfiɗin Dange da ke sama.

Maƙwabtanmu na Nijar sun fi mu morar nasu, gaskiya ɗaya ce. A Gadufawa, cikin Tenere, aka tono Sarcosuchus, kadan da ya haura mita 9, aka bayyana shi a 1966. Duk wanda ya shiga gidan tarihi na Yamai zai tsaya gaban ƙwarangwal ɗin dainoso ya gani da idonsa. Namu fa? Na Swinton suna Landan, ƙoƙon kan nan yana Florence. Sunan Goronyo ya shiga littattafan kimiyya na duniya, amma ɗan makarantar Goronyo sai ya nemi biza kafin ya ga abin da aka tono a bayan garinsu.

Farin dutsen Kalambaina da ake niƙawa a yi siminti a Sakkwato ma tekun da ya sake dawowa bayan nan ne ya bar shi, cike yake da ɓawon katantanwa da ƙananan halittun ruwa. Kullum manyan motoci na kwasarsa zuwa injin niƙa, a ɗura a buhu a kawo mana kasuwa.