Mazhabar Lura da Hali a Fannin Koyo

Mazhabar lura da hali ra'ayi ne a ilimin halayyar ɗan Adam da ke ɗaukar koyo a matsayin sauyin hali wanda ido ke gani, kuma maimaici da sakamako ne ke haifar da shi. Abin da ke cikin zuciya ba ya aunuwa, in ji mabiyanta, don haka suka ajiye shi gefe.

Daga Rasha ta samo tushe. Ivan Pavlov, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1904 kan binciken narkewar abinci, ya lura karnukansa kan dalalo da yawu da zarar sun ji sautin da suka saba ji kafin abinci. A Amurka, tun 1898 Edward Thorndike ya kulle kyanwa a akwati, ya ga motsin da ya buɗe mata ƙofa shi take ta maimaitawa. John Watson ne ya tsayar da wannan ra'ayi a matsayin mazhaba a 1913.

B. F. Skinner ya fi kowa zurfafa ta. Ya yi gwaji da ɓeraye da tantabaru, ya fitar da littafinsa na farko a 1938. Ya nuna cewa lada na kafa hali, hukunci kuwa danne shi kawai yake yi na ɗan lokaci, ba ya koya wa mai laifi abin da ya dace. Wannan ne darasinsa mafi tsada, kuma shi aka fi mantawa da shi a duk ajin da bulala ke magana.

Ta kwalejojin horar da malamai mazhabar ta iso ƙasar Hausa, kuma ɗaliban kwalejojin ilimi na Gusau da Maru suna karanta ta. Aiki da maimaici da lada dai ya riga mazhabar zuwa. A makarantar allo ta Tsafe ko Bunguɗu, almajiri yana biya karatu har ya zauna masa, sannan malam ya yarje masa ya wanke allo a ƙara masa gaba, ƙarshe a yi walimar sauka. A firamare kuwa, "a tafa masa".

Tasirin mazhabar ya ragu bayan 1959, lokacin da Noam Chomsky ya kafa hujja cewa yaro na furta jimlar da bai taɓa ji ba. A 1961 Albert Bandura ya nuna yara na koyo da kallo kaɗai. Duk da haka, har yau ana amfani da dabarun mazhabar wajen magance matsanancin tsoro da koyar da yara masu buƙata ta musamman.