Idon Sarki a Ƙasa Mai Nisa

A shafin tarihi na wanga karo za mu duba yadda sarakunan Ispaniya suka yi ƙoƙarin sa ido bisa ma'aikatansu a ƙasashen Amurka da suka mallake.

Abin da ya dame su shi ne nisa. Wasiƙa takan yi watanni bisa teku kafin ta isa Meksiko ko Peru. Gwamna yana iya cin dukiyar talakawa shekara da shekaru sarki bai sani ba. Tun a 1500 aka aiki Faransisko Bobadiya tsibirin Ispanyola don ya binciki ƙarar da ake kai wa bisa Kiristof Kolomb. Ya kama shi, ya sa masa mari, ya maida shi Ispaniya. Wanda ya buɗe musu hanyar Amurka ke nan.

Daga baya aka tsaida hanyoyi biyu. Ta farko sunanta residensiya: in ma'aikaci ya gama wa'adinsa, ba ya barin gari sai alƙali ya zo, a yi shela, duk mai ƙara ya kawo. In an same shi da laifi, a ci shi tara ko a hana shi sake riƙe muƙami. Ta biyu ita ce bisita: a aiko mai bincike a tsakiyar aikin mutum, ya duba takardun kuɗi, ya ji shaidu a asirce, ya aika rahoto ga Majalisar Indiya, wadda aka kafa a 1524 don kula da waɗannan ƙasashe.

Wani lokaci abin ya yi aiki. Huwan Palafoks, babban limamin kirista na birnin Puwebla, ya iso Meksiko a 1640 yana mai binciken sarki. A 1642 ya tuɓe wakilin sarki kansa, wanda ya fi kowa iko a ƙasar. Amma da rigima ta haɗa shi da ƴan ɗariƙar Yezuwit bisa zakkar majami'a, sai da ya ɓuya a 1647, kuma a 1649 ya koma gida bisa kiran sarki. Ƙarfinsa ya ƙare ran da sarki ya janye hannu.

Majami'a ma tana da nata masu bincike, amma wasunsu talakawa suke bincike. A Peru, mutanen yankin Warociri sun kai ƙarar limaminsu Faransisko Abila a 1607, suna cewa yana cin gumin su. Shi kuwa ya tuhume su da bautar gumaka a ɓoye. A 1610 aka naɗa shi mai binciken bautar gumaka. Aka riƙa bin ƙauyuka ana ƙona abubuwan tsafi da gawawwakin kakanni da mutane ke adanawa. Masu ƙara suka koma waɗanda ake tuhuma.

Can wajen ƙarshen mulkin, baitulmalin sarki ya buƙaci kuɗi, sai aikin ya sake fuska. Hose Antoniyo Areshe ya iso Peru a 1777, ya matsa wa mutane da lanho, musamman kuɗin saye da sayarwa da aka ɗaga daga 4 zuwa 6 cikin ɗari. A watan Nuwamba 1780 wani basaraken ƴan ƙasa, Tupak Amaru na biyu, ya kama hakimin lardi Antoniyo Ariyaga, ya sa aka rataye shi. Tawaye ya game duwatsun Andes. A watan Mayu 1781 Areshe ya sa aka kashe Tupak Amaru a dandalin birnin Kusko, bayan an kashe matarsa da babban ɗansa a gabansa.

To jama'a, mai bincike idon wanda ya aiko shi ne, kuma abin da aka aiko shi nema shi yake gani. In gaskiya ake nema, ya tuɓe wakilin sarki. In kuɗi ake nema, talaka ya biya. Saboda haka kafin a yi murnar isowar mai bincike, a tambaya wa ya aiko shi, kuma wa zai karanta rahotonsa.

Allah Ya ba mu shugabanni masu adalci, amin.