Ladabi ko Amana: Halin da Ake Yaye Ɗalibai da Shi a Dandume

Ɗalibin da ya kammala sakandare a Dandume takardu biyu yake fita da su: sakamakon WAEC ko NECO, da takardar shaidar hali wadda shugaban makaranta ke sa wa hannu. Ta farkon shekara shida ake yi ana shirinta. Ta biyun kuwa sau da yawa a zama ɗaya ake cike ta aji guda, kowa da yabo iri ɗaya. Ga shi kuwa ko jami'o'in Nijeriya cewa suke sai sun gamsu da hali da ilimi kafin su ba da digiri.

A 1974 Anthony Kirk-Greene ya wallafa nazarinsa kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, ya kawo halaye 10, ciki har da gaskiya da amana da haƙuri da kunya da ladabi. Makarantun boko sun tsinci ladabi da kunya sun riƙe gam, don su ne ido ke gani. Yaron da ke russunawa ya gaida malam, ya sunkuyar da kai, bai taɓa ɗaga hannu ya yi tambaya ba, shi ne na kirki. Ladabi abin so ne, amma ba shi garin ke fara nema ba.

Kasuwar hatsin Dandume ce shaida. Da kaka, manyan motoci ke lodin masara zuwa kudu, wani ɗan kasuwar yana Ibadan zai turo wa dillali kuɗi ta waya bai ga ko buhu ɗaya ba. Saurayin da aka miƙa wa tiya a wannan hada-hada ba a tambayarsa kiredit nawa ya ci. Ana kallon ko zai cika awo, ko zai binne masarar da ba ta gama bushewa ba a gindin buhu ya rufe da mai kyau, ko canjin da aka aike shi da shi zai dawo cif. Wanda aka kama sau ɗaya, labarinsa ya riga shi isa Funtua.

Amana kuwa ba a koyon ta da haddar darasi, sai an damƙa wa yaro abu an ga yadda ya yi da shi. Makarantar allo ta daɗe da gane haka: malam kan bar wa gardi ƙananan almajirai, ya sa shi gaba a gona, ya yi shekaru yana lura da shi. Kwalejin Katsina da Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922 ita ma ɗalibai kaɗan take ɗauka, a zauna da su dare da rana, sannan a tura su koyarwa. Ahmadu Bello da ya gama a 1931 kai tsaye aka ba shi aji a makarantar Midil ta Sakkwato.

Yau aji ya cika maƙil, malam bai san sunan rabin yaransa ba. Makarantun kwana, inda ake ba ɗalibi shugabancin ɗaki da rabon abinci, sun sha rufewa tun bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamban 2020. Mafi muni, duk inda aka karɓi kuɗi aka kau da kai ana satar jarrabawa, darasin ƙarshe da ɗalibi ya ɗauka shi ne ha'inci, kuma manya ne suka koyar.

Gyaran bai fi ƙarfin garin manoma ba. A farfaɗo da gonar makaranta, a ba 'yan aji biyar makullin sito da littafin lissafin taki, su kai amfanin kasuwa da kansu, su karanta abin da aka samu a gaban taron iyaye da malamai. Shugaban makaranta zai sami abin rubutawa a takardar shaidar: wane ya riƙe kuɗin masara shekara guda, lissafinsa ya cika.