Daga Zambo Zuwa Habaici: Yadda Mulki Ya Sauya Bakin Mawaƙan Rum

Idan ka leƙa ajin masu digiri na biyu ko na uku a fannin adabin Latin, a darasin zambo da wasan kwaikwayo, akwai tambayar da za ka ji ana yawan maimaitawa: sunan wa aka kama a baitin nan, kuma yana da rai lokacin da aka rubuta? Kar ka raina tambayar nan, mai karatu. Da ita ake auna 'yancin bakin mutumin Rum a kowane zamani. Bahaushe dama ya raba abin gida biyu: zambo ya fito fili ya nuna wanda ake nufi, habaici kuwa a jefa magana a bar mai ita ya tsargu. To, tarihin adabin nan tafiya ce daga na farko zuwa na biyu.

An fara nuna rubutaccen wasan kwaikwayo a birnin Rum a shekara ta 240 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ba a jima ba wani marubuci mai suna Nebiyus ya taɓo manya. Marubutan da suka zo daga baya sun ruwaito cewa ya yi sa-in-sa da gidan Metelus, an kuma jefa shi kurkuku saboda zagin manyan gari, ya ƙare rayuwarsa a Utika, cikin ƙasar Tunisiya ta yau.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Filautus, wanda ya rasu wajajen 184, wasanninsa 20 ne suka iso mana kusan cikakku, kuma ya saba kai labarinsa garuruwan Girkawa, 'yan wasa sanye da tufafin Girka. Bawa ya yi wa ubangidansa wayo, ɗa ya damfari uba, Rumawa suna ta ƙyaƙyata dariya, wai ai halin Girkawa ne. A wasansa na sojan nan mai cika baki ya ambaci wani mawaƙi da ke tsare, bai kama suna ba. Masana da yawa na ganin Nebiyus yake nufi.

Wanda ya yi zambo gaba-gaɗi shi ne Lusiliyus, da ya rasu wajajen 102. Me ya ba shi ƙarfin hali? Attajiri ne, kuma aminin Sifiyo, sarkin yaƙin da ya rusa Kartaj a 146. Sannan waƙoƙinsa karantawa ake yi, ba a hawa dandali da su a gaban talakawa. Ya kama sunan manyan 'yan majalisa irin su Lufus ya yi musu tatas. Daga littattafansa 30, gutsattsarin layuka kimanin 1,300 kawai suka rage. Abin dariyar kuma, da wani ɗan wasa ya kama sunan shi Lusiliyus a dandali, ƙara ya kai, alƙali kuma ya wanke ɗan wasan.

Sai jamhuriya ta fara rushewa. Horas ɗan 'yantaccen bawa ne, kuma ya yi yaƙin Filifi na shekarar 42 a ɓangaren da aka ci. Daga baya ya shiga inuwar Mesenas, na hannun daman wanda zai zama sarki Agustus. Ka ga wannan bakinsa da linzami. Littafin zambonsa na farko, wajajen 35, marowata yake zolaya da masu naci da kwaɗayayyu, ba masu riƙe da mulki ba. A farkon littafi na biyu ma har ya nuna kansa yana shawara da lauya, lauyan na ce masa ya bar harkar nan kada ta ja masa.

Zamanin sarakuna kuwa ko habaicin ma yana iya cin rai. Masanin tarihi Suwetoniyus ya ce sarki Kaligula ya sa an ƙone wani marubucin wasan barkwanci da ransa saboda layi ɗaya mai harshen damo. Domishiyan shi ma ya kashe Helbidiyus ƙarami, don yana ganin wani wasansa shaguɓe ne kan rabuwarsa da matarsa.

Wannan ya sa Jubenal, mai waƙoƙin zambo 16, ya rufe ta farko da cewa matattu zai taɓa. Ta huɗu tana ba'a ne ga Domishiyan, wai ya tara majalisa kan yadda za a yi da wani ƙaton kifi. Amma fa sai bayan an kashe sarkin a shekara ta 96 miladiyya ta fito.

Nan ne masana suka rabu. A 1954 Gilbert Highet ya fitar da littafi yana haƙo tarihin rayuwar Jubenal daga waƙoƙinsa, ya ɗauki fushin da ke ciki na gaske ne. Bayansa William Anderson ya ce a'a, mai fushin nan tauraron wasa ne da mawaƙin ya ƙirƙira, har da kurakuransa, don mai sauraro ya yi masa dariya shi ma. Kalmar da ake amfani da ita a muhawarar ma, a Latin, sunan fuskar da ɗan wasa ke sakawa ce. Yana daga cikin dalilan da ake haɗa zambo da wasan kwaikwayo a darasi ɗaya.

Saboda haka duk ranar da fassarar Jubenal ta faɗo hannunka, duba shekarar da wanda ake zagi ya mutu, sannan ka tuna su waye ke zaune suna sauraro a zamanin Tarajan da Hadiriyan. Cikinsu akwai waɗanda suka yi wa Domishiyan fadanci, suna nan da ransu da muƙamansu. Ba a kama sunansu ba, amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.