Tarihin Kuki da Waƙafin da Ya Wahalar da Masu Gina Manhaja

Ƙa'idar HTTP, wato tsarin da burauzar waya ko kwamfuta ke bi wajen neman shafi daga sabar da ke ajiye da shi, an gina ta ne a farkon shekarun 1990 ba tare da hanyar tuna baƙo ba, domin da zarar sabar ta amsa buƙata sai ta manta da mai ita. A shekarar 1994 Lou Montulli, injiniya a kamfanin Netscape na Amurka, ya ƙirƙiro kuki, wanda guntun rubutu ne da sabar ke miƙa wa burauza ta adana, ta kuma riƙa nuna shi duk lokacin da ta dawo, kamar lambar da mai gadin babura ke ba wanda ya ajiye mashin ranar kasuwar Danja. Albarkacin wannan dabara ce dillalin tumatir da ya buɗe shafin bankinsa ba ya sake rubuta kalmar sirri a kowane mataki.

Sai dai tun daga tushe an bar wata ƴar matsala. Kowace amsar sabar tana ɗauke da layukan kai, wato bayanan da ke gaban ainihin saƙon, kuma ƙa'ida ta yarda a haɗa layuka masu suna ɗaya a raba su da waƙafi. Layin Set-Cookie, wanda da shi ake dasa kuki, bai karɓi wannan haɗi ba, saboda ranar ƙarewar kukin tana da nata waƙafin bayan sunan ranar mako, don haka idan aka haɗa biyu burauza ba ta sanin inda na farko ya tsaya. Takardar RFC 6265 da Adam Barth ya rubuta a 2011, wadda ta maye gurbin takardar shekarar 2000, ta fito fili ta hana haɗin, ta ce kowane kuki ya zo a layinsa.

Maganar ta sake tasowa bayan Amazon ya fito da Lambda a Nuwambar 2014, wanda shi ya yaɗa salon da mai manhaja ba ya riƙe sabar tasa, yana ɗora gajeren aiki ne a kwamfutocin kamfanin, aikin ya tashi idan an kira shi, a biya gwargwadon amfani. Aikin yakan mayar da amsa a tsarin JSON, inda kowane suna ke riƙe ƙima ɗaya tak, saboda haka wanda ya rubuta Set-Cookie sau biyu sai na biyun ya shafe na farkon, ba tare da wani gargaɗi ba. Masu sana'ar suka gano cewa HTTP ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan layi, alhali JSON yana bambantawa, sai suka riƙa rubuta Set-Cookie, set-cookie, SEt-cookie, kuma da yake haruffan tara ne, akwai siffofi 512. Dabara ce mai nuna kaifin basira, amma ba daidai ba ne a ce shigar mutum asusunsa ta rataya a kan irin wannan faci.

Gyara ya zo sannu a hankali. A 2018 Amazon ya ƙara filin multiValueHeaders mai karɓar jerin ƙimomi, a 2020 sabon tsarin amsarsa ya ware wa kuki fili na musamman, sannan a 2023 aka shigar da getSetCookie cikin burauzoji da Node.js domin karanta kowane kuki shi kaɗai. Har yanzu kowane kamfani da nasa sharaɗi, domin Firebase Hosting na Google kuki ɗaya kawai, mai suna __session, yake bari ya isa ga aikin.

Wanda kuskuren ke ci ba ya ganin ko ɗaya daga cikin wannan. Manomin rake a Danja da shafi ke ta mayar da shi wurin shiga yakan ɗora laifin a kan rashin sabis, ya ƙona datarsa yana maimaitawa, alhali kuki ɗaya ne ya ɓace a hanya. Saboda haka wajibi ne matasan Funtua da Malumfashi masu koyon wannan sana'a su buɗe amsar sabar su ƙirga layukan Set-Cookie da idonsu kafin su miƙa aiki ga jama'a.