Bishop: ma'anar kalmar da asalinta

Bishop kalma ce ta Ingilishi da ake kiran babban limamin Kirista da ita, wato wanda ke shugabantar coci-cocin wani yanki da limaman da ke cikinsu. Shi ne kuma ke naɗa sababbin limamai. Ana samun wannan muƙami a ɗarikun Katolika, Angilika da Otodoks, da wasu ɗarikun Furotesta.

Asalin kalmar daga Girkanci ne, episkopos. Gaɓarta ta farko, epi, na nufin "a kan", skopos kuwa "mai dubawa". Ma'anarta ke nan mai sa ido. Tun kafin zuwan Kiristanci, mutanen birnin Atina suna kiran jami'an da suke turawa duba garuruwan da ke ƙarƙashinsu da wannan suna. Kiristocin farko suka ɗauke ta suka ba shugabannin jama'arsu, kamar yadda ta zo a Sabon Alkawari, a babi na 3 na wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Timoti.

Daga Girkanci ta shiga Latin a matsayin episcopus, daga nan kowane harshe ya tauna ta yadda bakin masu shi ya saba. Tsohon Ingilishi ya yar da wasalin farko, ya mai da p ta zama b, aka sami biscop, wadda ta zama bishop. Faransanci kuwa wutsiyar ya yanke, ya mai da p ta zama v, aka sami evesque, daga baya évêque. 'Yar hular da ke kan ê alama ce ta harafin s da ya ɓace.

Saboda haka wanda Bahaushen Kumasi ko Jos ya sani da bishop, shi ne na Maraɗi ko Garwa ke ji ana ce wa évêque. Uwarsu ɗaya, ko da yake babu harafi ko ɗaya da suka yi tarayya a kansa. Usƙuf ta Larabci, da ake ji a Sudan, ita ma daga tushen nan ta fito.

Ɗan Afirka na farko da ya riƙe muƙamin a ɗarikar Angilika shi ne Samuel Ajayi Crowther, Bayarabe, wanda aka naɗa a Kantabari ta Ingila a 1864.