Tarihin Sunan Fort Knox da Yadda Ake Amfani da Shi a Ingilishi

Maƙasudin wannan takarda shi ne bin diddigin suna guda ɗaya, watau Fort Knox, don a ga yadda sunan sansanin soja ya bar ma'anarsa ta asali ya shiga zancen yau da kullum na masu magana da Ingilishi. Idan Ba'amurke ko Bature ya ga gida mai doguwar katanga da makullai barkatai, sai ya ce gidan nan kamar Fort Knox. Haka kuma mai tallan akwatin ajiyar kuɗi yakan yi wa hajarsa kirari da wannan suna. A duk waɗannan maganganu babu mai nufin soja ko bariki.

Asalin sunan na mutum ne. An haifi Henry Knox a birnin Boston a 1750, kuma sana'arsa ta farko sayar da littattafai ce. A yaƙin neman 'yancin Amurka ya zama shugaban rundunar igwa a ƙarƙashin George Washington, daga baya kuma ya riƙe muƙamin sakataren yaƙi daga 1789 zuwa 1794. Saboda haka da aka kafa sansanin koyar da harbin igwa a jihar Kentaki a 1918, sai aka raɗa masa Camp Knox don tunawa da shi. A 1932 ne aka mai da wurin sansani na dindindin, aka sauya sunan zuwa Fort Knox. Har zuwa wannan lokaci sunan bai fi na sauran sansanoni armashi ba.

Abin da ya ɗaukaka shi zinariya ce. A 1933 Shugaba Roosevelt ya ba da umarni jama'a su miƙa wa gwamnati zinariyar da ke hannunsu, sa'an nan dokar 1934 ta ɗaga farashin oza ɗaya daga dala 20.67 zuwa dala 35. Zinariya ta yi ta kwarara cikin baitulmali, ga kuma fargabar cewa biranen bakin teku ba su da wuyar kai wa hari. Sai aka gina ma'ajiya a can cikin ƙasa, a gefen sansanin, aka gama ta a 1936, kayan farko kuma suka iso ta jirgin ƙasa a watan Janairu na 1937. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu har ainihin takardar tsarin mulkin Amurka aka kai can ajiya, kambin sarautar Hangari ma ya zauna a ciki sai 1978 aka mayar wa masu shi.

A nan ya kamata masu sauraro su lura da wani abu. Ma'ajiyar nan ba ta soja ba ce. Tana ƙarƙashin ma'aikatar baitulmali, kuma 'yan sandan hukumar buga kuɗi ne ke gadinta. Maƙwabtaka kawai ta sa ta ari sunan sansanin, amma aron ya zama gado, har ya kai yawancin masu faɗin sunan ba su san akwai dubban sojoji a wurin ba, balle su tuna da Janar Knox. Wani abin mamaki kuma, zinariyar da ke ƙarƙashin ginin babban bankin tarayya na New York ta fi ta Fort Knox yawa, ko da yake galibinta ta wasu ƙasashe ce, amma ba a taɓa jin an yi karin magana da wannan banki ba.

A ganina, abin da ya ba Fort Knox wannan matsayi shi ne hana shiga. Masu shirya fim ɗin Goldfinger na 1964, wanda ya yaɗa sunan a duniya, ba a bar su sun leƙa ciki ba, sai suka ƙago nasu ɗakin a Ingila, kuma wannan ƙagaggen ɗaki ne mutane suka riƙe a zuci. Sai dai rufin asirin ya jawo zargi. Jita-jitar cewa zinariyar ta salwanta ta yi ƙarfi har a watan Satumba na 1974 aka buɗe ƙofa ga wasu 'yan majalisa da 'yan jarida su gani da idonsu.

Mu Hausawa wannan sauyin ma'ana ba baƙo ba ne a gare mu, domin kalmar bariki daga mazaunin soja ta fito, amma wanda aka kira ɗan bariki ba lalle ne ya taɓa sa kaki ba. Matsalar tana ga mai fassara. In ya ci karo da kamancen nan a jarida ya rubuta "kamar sansanin soja", ya faɗi gaskiyar tarihi amma ya ɓatar da mai karatu, domin shi marubucin taska yake nufi, wadda ko ƙuda ba ya ratsawa.